Noti Huɗu da Igiya a Bayan Me-ya-sa

Tun yana ɗan shekara bakwai aka laƙaba masa Me-ya-sa, sunan kuwa ya bi shi har furfura. Ubansa mai gyaran sikeli ne a bakin kasuwa, mutum ne da magana ke yi wa wuya, sai Allah ya haɗa shi da ɗa mai tambaya kamar ɗan sanda. Me ya sa allurar sikeli take komawa mazauninta in an sauke kaya? Wa ya nuna mata hanya? Ran nan uban ya gaji, ya buɗe cikin wani tsohon sikeli, ya zaro ɗan murɗaɗɗen ƙarfe ya ɗora masa a tafin hannu, ya ce, "Sifirin ke nan. Je ka tambaye shi, ka bar ni in yi aiki."

Yaron ya danna, ƙarfen ya durƙusa. Ya saki, ƙarfen ya miƙe. Daga ranar bai sake rabuwa da sifirin ba.

Da ya gama firamare aka kai shi garejin manyan motoci. Sa'o'insa duk inji suka nufa, don can suna yake. Shi kuwa ya shige ƙarƙashin mota, wajen sifirin ɗin mota, wato fallayen ƙarfen nan da ake jerawa ɗaya bisa ɗaya a ɗaure da noti, waɗanda ke ɗauke da mota da kayanta suna shanye duk ramin da ta faɗa. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi a wannan aiki. In sifirin ya gaji ya kwanta, sai ya kwance shi falle-falle, ya bi kowane falle da guduma a kan maƙera har ya dawo da lanƙwasarsa, ya shafa giris, ya mayar.

Doka ɗaya gare shi: aiki ba ya barin rumfarsa sai an gwada. Yana da wani tsohon kan inji, mai nauyin buhun siminti da ɗoriya, wanda ya sa wa suna Alƙali. Duk fallen da ya gyara, sai ya ɗora shi a kan bulo biyu, ya sunkuya ya rungumo Alƙali ya aza a tsakiya, ya tsuguna yana kallon yadda ƙarfen ya nutsa, sannan ya ɗauke ya ga ko ya dawo. Direbobi na yi masa tsiya, amma layi suke bi.

Rumfarsa na jingine da ta Mai Walda. Shekara talatin suna shan inuwar bishiya ɗaya, shekara talatin suna gardama ɗaya. Mai Walda ya ce duk abin da ya karye a liƙe shi a huta. Me-ya-sa ya ce ba a yi wa sifirin walda.

"Waldata ba ta taɓa karyewa ba," in ji Mai Walda.

"Ai ban ce tana karyewa ba. Gefenta ne ke karyewa. Ka hana wuri motsi, maƙwabcinsa ne zai ɗauki aikin biyu."

"To ina ruwana da maƙwabci?"

"Na sani. Shekara talatin ina maƙwabtaka da kai."

Ya auri tela, mace mai ɗinkin kayan makaranta a falon gidansu, wadda ba ta ɓata zare ba ta ɓata magana. Suka haifi 'ya'ya huɗu, duk suka girma suka kama gabansu, babu wanda ya gaji guduma.

Yana da shekara sittin da ɗaya ƙafarsa ta hagu ta fara yi masa gardama. Daga ƙofar gida zuwa inda yake shiga mota, sai ya tsaya sau uku. Wani abu kamar wutar lantarki ke saukowa daga ƙugu ya bi bayan cinya har babban yatsa. In ya sunkuya ya dafa teburin aiki, sai ya lafa. Wannan ne ya fi damunsa, ba ciwon ba. Me ya sa sunkuyo ke kashe ciwon ƙafa? Wata takwas yana nazarin abin shi kaɗai, har ranar da matarsa ta rufe keken ɗinkinta ta ce, "Malam, sa takalmi. Ni ban auri ɗalibi ba."

Likitar ƙashin da suka gani mace ce, sa'ar babbar 'yarsa. A kan teburinta akwai ƙashin baya na roba. Tun kafin a ba shi kujera ya ɗauka yana lanƙwasawa.

"Baba, ajiye min kayan aiki," in ji ta, sannan ta karɓa ta nuna masa da biro. Ƙasusuwa biyar ne a ƙugu, ɗaya bisa ɗaya, tsakanin kowane biyu akwai ɗan matashi na guringuntsi. Nasa matashin, tsakanin na huɗu da na biyar, ya lotse, ƙashi na huɗu ya ɗan zame gaba, hanyar jijiya ta tsuke. In ya sunkuya hanyar na ɗan buɗewa.

Me-ya-sa ya yi ajiyar zuciya kamar wanda aka sauke wa kaya. "Ashe bushin ne ya cinye, robar nan da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe."

"Kira shi yadda kake so. An gwada magani da motsa jiki, ba su yi ba. Za mu buɗe wa jijiyar hanya. Amma in mun buɗe, sai an riƙe wurin kada ya ƙara zamewa. Hanyar da aka saba ita ce a sa noti da sandar ƙarfe, a bar ƙasusuwan biyu su haɗe su zama ɗaya."

"Walda ke nan."

"Kusan haka."

"To, Likita, bayan shekaru ina yake karyewa?"

Ta ɗago ta dube shi da kyau. "Wa ya gaya maka?"

"Babu. Sana'ata ce."

Ta ce ba karyewa yake yi ba, amma gaskiya ne a wasu mutane gaɓar da ke sama da wurin tana saurin cinyewa, ana kuma zargin don ita ke ɗaukar motsin da aka hana ta ƙasa. Sai ta jawo aljihun tebur ta fito da wani abu. Noti huɗu, biyu a kowane ƙashi. Maimakon sandar ƙarfe, igiya ce mai ƙarfi ta ratsa kawunan notin, an zura ta cikin ɗan guntun roba kamar tiyo. In mutum ya sunkuya, igiyar ta ja ta ce ya isa. In ya gantsare baya, robar ta tokare. Tsakanin nan da nan, gaɓar na ɗan motsi.

Ya karɓa ya ja igiyar, ya danna robar. "Wannan ai sifirin ne. To yana ceton maƙwabcin?"

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, likitoci ba su gama gardama a kai ba. Wasu sun ce yana taimakawa. Wasu sun auna sun ce abin ya fi tauri a kan yadda ake zato, bambancin kaɗan ne. Kuma yana da nasa aibin. Tun da wurin na motsi, notin na shan jijjiga. In ya yi sako-sako yana ba ka ciwo, sai mu koma mu yi waldar da kake gudu."

Bai taɓa jin mai sana'a ya faɗi aibin kayansa haka ba. Nan take ya yarda da ita. Matarsa ta tambayi abu ɗaya kawai, kwana nawa zai yi a kwance, don ta san yadda za ta yi da ɗinkin mutane.

Kafin ranar aiki ya haɗa nasa a rumfa. Katako biyu, guntun taya a tsakani, noti huɗu, igiyar nailan da tiyon mai. Ya ɗaure ɗaya katakon a tebur, yana lanƙwasa ɗayan gaba da baya yana ƙirgawa, in ya kai ɗari ya ja layi da alli a bango. Mai Walda ya leƙo ya ce, "Kawo bayan in ɗana maka wuta minti biyar, kyauta." Matarsa ta kawo masa abinci ta tsaya tana kallo.

"Igiyar ba za ta tsinke ba," in ji shi. "Na kai dubu biyu."

"Wa ya ce maka igiya ce ke tsinkewa? Ni da nake sa roba a ƙugun wando kullum. Robar na nan lafiya, ɗinkin da ya riƙe ta ne ke farkewa. Ci abincinka."

Ya ji, amma da kunne ɗaya. Idonsa na kan igiya.

Aka yi aiki lafiya. Ya farka ya ji ƙafarsa shiru, kamar an kashe rediyon da ya shekara yana ƙara. Kwana biyu ya miƙe, mako biyu yana zagaya unguwa ba tsayawa. Likita ta kafa masa doka ta wata uku: kada ya sunkuya, kada ya murɗa jiki, kada ya ɗauki abin da ya fi buta nauyi. Ya ce to. Abin mamaki, mutumin da ya tambayi allurar sikeli dalilinta bai tambayi dalilin wata uku ba. A ganinsa don ɗinkin fata ne, fata kuwa ta riga ta warke.

Zaman gida ya ishe shi. Ya gyara agogon bango da ba abin da ya same shi, ya kwance fanka, ya fara zagaya keken ɗinki har matarsa ta ce in ya taɓa sai dai a sake kai shi asibiti. Can cikin ransa kuma wani abu na cinsa. An sa masa sifirin a jiki, an sallame shi, ba wanda ya gwada. Shi da ba ya barin fallen ƙarfen wani ya fita ba gwaji, ga shi yana yawo da aikin da ba a san iyakarsa ba.

Mako na biyar ya ce zai je gareji ya gaisa da mutane. Mai Walda ya zagaya shi yana dubawa kamar mai sayen mota.

"Fenti ya yi kyau. An dai gwada aikin, ko haka aka miƙo maka?"

Wasa yake yi. Ya ja gilashinsa ya rufe fuska ya koma kan ƙofar da yake liƙewa. Me-ya-sa ya shiga rumfarsa. Alƙali na nan inda ya bar shi, ƙura ta rufe. Ya buɗe ƙafa yadda ya saba, ya sunkuya, ya ji igiyar ta ja, ko kuma haka ya raya, ya rungumo ƙarfen ya ɗaga har gwiwa. Ya ƙirga goma. Ya ajiye. Babu ƙara, babu zafi. Ya kakkaɓe hannu ya ce a ransa aiki ya yi.

Washegari ciwo ya zo, ba irin na da ba. Bai sauka ƙafa ba, ya zauna can cikin ƙugu, yana tashi duk lokacin da zai miƙe daga kujera ko zai juya. Ya ɓoye wata guda. Amma ba a ɓoye wa tela yadda jiki ke tsayawa. Ran nan ta ga ya dafa tebur da hannu biyu kafin ya tashi, ta cire allurar da ke bakinta ta ce, "Me ka ɗauka?"

"Ni?"

"A'a, maƙwabci. Sa takalmi."

Likita ta maƙala hoton ƙashi a jikin fitila. Noti huɗu farare tas. Uku ƙashi ya rungume su. Na sama ta hagu kuwa, wani siririn baƙin layi ya zagaye shi kamar an zana da fensir.

"Wannan layin rata ce tsakanin noti da ƙashi," in ji ta. "Yana faruwa har ga waɗanda suka bi doka, don haka ba zan rantse ba. Amma Baba, ka ɗauki wani abu?"

Ya faɗa mata, har da nauyin. Ta ajiye biro.

"Me ya sa?"

Shekara hamsin da huɗu yana jefa wa mutane wannan tambaya, yau ta dawo masa. Ya yi bayani tsakani da Allah: aikin da ba a gwada ba ba aiki ba ne. Noti kuma ranar da aka ɗaure shi ya fi kowace rana ƙarfi, daga nan sai raguwa, to in ba a gwada shi yana sabo ba, yaushe?

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce, "A ƙarfe haka ne. A katako ma haka ne. Amma ƙashi rai gare shi. Ranar da na ɗaura notin nan, matsi ne kawai ya riƙe shi. Sai ƙashin ya yi watanni yana tsirowa yana bin zaren notin kafin ya kama shi da gaske. In ana jijjiga shi kafin lokacin, ƙashin ba ya kamawa, sai ya ja baya. Kai ka zo a tsakiyar aiki ka aza masa kaya."

Me-ya-sa ya manta da cewa shi ne mai laifi. Ya matso da kujera. "Tsirowa yake yi? Ya aka yi ya san akwai noti a wurin?"

"Malam," in ji matarsa, "ana maganar za a sake yanka ka."

Haka ne kuwa. Likita ta ba shi ɗamara mai tauri ya ɗaura wata uku. In layin ya faɗaɗa ko ciwon ya ƙi tafiya, za a cire igiya a sa sandar ƙarfe. In ya tsaya, a bar shi.

Matarsa ba ta yi masa wa'azi ba. Daga asibiti gareji ta wuce, ta yi magana da Mai Walda minti biyu. Kafin la'asar an liƙe Alƙali da ƙafar teburin ƙarfe, walda zagaye biyu. Mai Walda ya daɗe bai yi aikin da ya ji daɗinsa haka ba, ko da yake da ya ga ɗamarar sai da ya kawar da kai, don ya tuna wasan da ya yi. Bai ba da haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Kujera ya ƙera masa mai dogon baya, ya ajiye ƙarƙashin bishiya, ya ce, "Da ma duk garejin nan an san notinka ya kwance. Yanzu dai an samu hoto."

A kan kujerar nan ya yi wata uku, yana duba aikin mutane da ido yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Tsoro na zuwa masa, ba na wuƙa ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne a liƙe shi, ya ƙare rayuwarsa da irin aikin da ya yi shekara talatin yana kushewa, kuma da hannunsa ya jawo.

Wata rana yana zaune ya ɗaga kai. A babban reshen bishiyar akwai sarƙar da suka ɗaura tun suna da ƙarfi, ta ciro inji. Ya ga reshen ya haɗiye ta. Zobe uku sun nutse cikin itacen, ɓawo ya rufe su, sai ka ce daga ciki sarƙar ta tsiro. A ƙaramin reshe kuma akwai wata waya da suke rataya fitila, wadda iska ke kaɗawa kullum. Ita ba a haɗiye ta ba, sai ma rami da ta ci a jikin reshen, tana lilo a ciki. Ya kira Mai Walda ya nuna masa.

"Shekara nawa da ɗaura sarƙar nan?"

"Ashirin da wani abu. Me ya faru?"

"Kullum ina ƙarƙashinta, ban taɓa tambaya ba."

"Alhamdu lillahi, ashe akwai abin da ya tsira daga bakinka."

Daga ranar ya daina ƙirga kwanaki da haushi. Ya zauna a miƙe kamar sanda, ya bar ƙashi ya yi aikinsa. Ciwon ya ragu a hankali, har wata safiya ya tashi daga kujera ya manta bai dafa komai ba.

Da wata uku suka cika aka sake hoto. Likita ta jera tsohon da sabon, ta daɗe tana dubawa. Layin bai faɗaɗa ba. Ta gefe ɗaya ma ya dushe.

"Ba za mu taɓa ba," in ji ta. "A yanzu. Ka dawo duk shekara."

"Maƙwabcin fa? Na saman?"

"Lafiyarsa ƙalau yau. Ko igiyar ce ta cece shi, ko da ma ba abin da zai same shi, ka tambaye ni bayan shekara goma."

"In muna raye."

"In kana bin doka."

Ya koma aiki, amma ba kamar da ba. Yana iya sunkuyawa ya ɗaura takalmi, yana iya tsugunawa ya leƙa ƙarƙashin mota. Shiga ƙarƙashin da ɗaukar falle kuwa sun wuce, kuma bai yi musu ba. Manyan motoci suka koma wajen wasu, ya rage da ƙananan ayyuka da duba na wasu. Dokarsa dai tana nan. Mai Walda ya yanke Alƙali daga ƙafar tebur, ya liƙa masa zobe a ka, aka rataya shi da ƙugiya da kurar ɗaga kaya a jikin tsohuwar sarƙar. Yanzu da hannu ɗaya ake sauke shi a kan falle.

Katakon gwajin nan yana nan a ɗaure a tebur. Ya ci gaba da lanƙwasa shi in ba aiki, layukan alli suka cika bango. Wajen dubu goma sha ɗaya noti ɗaya ya zame ya faɗi ƙasa, ramin ya cinye, igiya kuwa ko gezau. Ya tsince shi ya kai gida ya ajiye a kan keken ɗinkin matarsa.

"Ɗinkin ne ya farke," in ji shi.

Ta dubi notin, ta ture shi gefe da bayan almakashi don kada ya ɓata mata yadi.

"Ni a kyauta na gaya maka," in ji ta, ta ci gaba da taka keke.